Kurakuran da Aka Fi Yi wajen Ɗaure Boris ɗin Gaba da Gano Ciwon Birki a Tsofaffin Motocin Tsere

Abin da ya fi gajiyar da ni game da sababbin shiga gyaran MGB da Triumph shi ne yadda suke kama sifana su ɗaure notin hob ɗin gaba (cibiyar da ake ɗaure taya a kanta) tamau, kamar suna ɗaure notin taya, ba tare da sun tambayi wane irin tsari ne a gabansu ba. Motocin nan biyu duk na Ingila ne, duk boris mai siffar mazurari suke amfani da shi, amma hanyar daidaita su ta sha bamban. A MGB, wadda aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, akwai bututun ƙarfe tsakanin boris na ciki da na waje, tare da siraran wasoshi masu kaurin inci 0.003, 0.005 da 0.010. Wasoshin ne ke tsayar da wasan hob, wato ɗan motsin da ake bar masa, tsakanin inci 0.002 da 0.004, sannan a ɗaure notin da ƙarfin fam-ƙafa 40 (ma'aunin ƙarfin ɗauri), a ƙara kaɗan har ramin ƙusar kulle ya daidaita. A Triumph TR6 kuwa babu wasoshi, notin ne kansa ma'auni: a ɗaure shi a hankali ana juya hob, sannan a sassauta har wasan ya kai inci 0.003 zuwa 0.005.

Wanda ya ɗaure Triumph irin ɗaurin MGB ya kashe boris tun kafin mota ta bar gareji. Wani yaro da ke koyon aiki a hannuna ya taɓa yin haka, kuma da aka dawo da motar giris ya narke ya zubo kan faifan birki, boris na waje ya yi shuɗi saboda zafi, zobensa ya manne da sandar aksul har sai da na sayi wata sandar da kuɗina. Na tambaye shi dalili, ya ce ya ji ƙafar tana ɗan motsi. To, ai wannan ɗan motsin shi ne aikin! Ƙarfe yana buɗewa idan ya ɗauki zafi, kuma wanda bai bar masa wuri ba, shi zai biya. Masu zubar da bututun MGB da wasoshinsa don wai ɓata lokaci ne, su ma ba na saurara musu, domin bututun yana ƙara wa sandar ƙarfi idan an matse shi. Ni al'adata ita ce in auna wasan da agogon awo boris yana bushe, a Triumph kuma kafin in saka sabon zobe mai laushi da ke tare giris, saboda kaurinsa yana yaudarar hannu, a ga kamar babu wasa, bayan 'yan kwanaki ya kwanta ƙafa ta soma kaɗawa.

Kuskure na biyu daga na farko yake fitowa, wato a ɗora wa birki laifin boris. Idan boris ya yi sako-sako, faifai yana karkata a kwana ya tura fistin baya, sai direba ya taka feda ta tafi ƙasa, ya sake takawa ta dawo daidai. Nan take sai a ce iska ce, a yi ta cire iska, a canza masta (famfon da feda ke tura man birki da shi), a zubar da man birki a banza. Ku ɗaga motar tukuna, ku kama taya sama da ƙasa ku girgiza, wani kuma ya danne birki. Idan motsin ya ɓace, boris ne. Idan yana nan, ku duba kingfin (sandar da ƙafar gaba ke juyawa a kanta) a MGB, ko mahaɗin tagulla na ƙasa a Triumph.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani. Fedar da ke nutsewa a hankali alhali babu yoyo, robar masta ce. Motar da ke ja hagu, sau da yawa fistin ɗin dama ne ya cije, don haka kada a kwance ɓangaren da ke aiki. Birkin da ke kamawa ya ƙi saki, a zargi tsohon tiyon roba da ya toshe ta ciki ko da bayansa yana da kyau. Idan an buɗe bakin cire iska taya ta saku, an kama ɓarawo. Kalifa, wato gidan fistin da ke matse faifai, idan aka musanya ta hagu da ta dama, bakin cire iskarta yana komawa ƙasa, kuma iska ba za ta taɓa fita ba. Feda mai tsawo kullum, a fara da daidaita takalman birkin baya. Man birki nau'in DOT 5 na silikon ba ya haɗuwa da DOT 4. Ƙusar kulle kuwa ba na mayar da tsohuwa ko da ta miƙe sarai, domin wadda aka lanƙwasa sau biyu tana karyewa a gindin lanƙwasar.