Yadda za a koya wa yaro kalma ta hanyar jimla

Malamin lakwal ko uwa a gida da ke son kalma ta zauna a kan yaro, kada ya ba shi ita tsirara, domin kalmar da aka haddace ba tare da jimla ba takan gudu kafin mako ya zagayo. A zaɓi kalma ɗaya, a gina mata jimloli gwargwadon ƙarfin karatun yaran.

A ɗauki kalmar "inuwa". Ga ɗan aji na farko, wanda har yanzu yake haɗa baƙi da wasali, jimlar ta zama gajera, kuma abin da idonsa ya saba gani: "Akuya tana inuwa." Ga ɗan aji uku a ƙara lokaci da wuri: "Da rana ta take, masu goro a kasuwar Dole suka koma inuwar rumfa." Nan ne ya kamata malami ya daɗe, ya tambayi yaran abin da ya kai masu goron can, domin amsar da suka bayar da bakinsu ita ce ma'anar kalmar. Ɗan aji shida kuwa ya isa a nuna masa ma'ana ta biyu: "Marayun sun girma a inuwar kawunsu."

A ganina, kuskuren da ya fi yawa shi ne cusa sababbin kalmomi biyu ko uku a jimla guda. Bayan kwana biyu, a sa kowane yaro ya kawo tasa jimlar daga unguwarsu, Birni ko Zango, ya karanta ta a gaban aji.