Yadda ake cin abinci a gidan abincin Italiyawa in an fita hutu da abokai

Mutanenmu na Gombe in sun je hutu Italiya sukan shiga gidan abinci da tunanin ai taliya ce da fiza, me zai gagara. A nan ake asarar kuɗi, wani lokacin har a ci abin da ba a so.

Ku fara da lokaci. A Rum ko Milan yawancin gidajen abinci suna rufe kicin wajen ƙarfe 3 na rana, sai ƙarfe 7 ko 7 da rabi na yamma su sake buɗewa. In kun haura mutum huɗu, ku sa ma'aikacin otal ya kira ya kama muku tebur. Duk gidan da kuka ga an tsayar da mutum a ƙofa yana kiran masu wucewa, an kuma manna hotunan abinci a bango, ku wuce. Ni ba na shiga. Ku bar bakin wuraren 'yan yawon buɗe ido da layi biyu ko uku, abinci ya fi daɗi a can, ya fi araha.

Takardar abinci a jere take: antipasto abin taɓa baki, primo taliya ko shinkafa, secondo nama ko kifi, contorno ganye ko dankali, dolce kayan zaƙi. Ba dole ba ne a ci duka. Amma ku sani secondo shi kaɗai yake zuwa, ba kamar shinkafa da miyar gida ba da ake ɗora maka nama a kai. Primo ɗaya ga kowa da secondo biyu a tsakiya ya ishi mutum huɗu.

Yanzu ga inda ake faɗawa rami. Sunan abinci ba ya gaya maka akwai alade a ciki. Na zauna da wani abokin tafiya da ya nemi carbonara don ya ga ta yi kyau a teburin maƙwabta. Aka kawo, miyar ƙwai da cuku tana sheƙi, ga 'yan soyayyun gutsattsari a sama. Ya ɗauki cokali mai yatsu ke nan wani daga cikinmu ya riƙe masa hannu: "Alhaji, dakata, wannan kumatun alade ne." Haka aka biya kuɗin faranti aka mayar. Carbonara, amatriciana da gricia duk da wannan naman ake yin su, sunansa guanciale. In kun ga prosciutto, pancetta, salame, mortadella ko speck, alade ne. Miyar niƙaƙƙen nama ta Bolonya, wadda suke kira ragù, galibi akwai alade da giya a cikinta, ko da an rubuta naman sa. Fizar diavola ma da salame mai yaji ake yin ta. Risotto kuwa, wato dafaffiyar shinkafarsu, da taliyar da ake yi da vongole, 'yan halittun teku masu ɓawo, yawanci ana zuba musu farar giya wajen dafawa.

Saboda haka mutum ɗaya ya yi magana da yawun kowa, tun kafin a zaɓi komai. Ya ce wa mai kawo abinci "senza maiale, senza vino", wato ba alade, ba giya. In harshe ya ƙi, a rubuta a waya a nuna masa. Kada ku tsaya a kan "ba nama" kawai, don wasunsu ba sa lissafa siririn yankan prosciutto a matsayin nama. Ku tambaya a kan kowane faranti, ba kunya a ciki. Maganar yanka kuma, mafi sauƙi a koma kifi.

Abin da ba ya ba da ciwon kai: fizar margherita ta tumatir da cuku, fizar marinara ta tumatir da tafarnuwa, taliyar penne all'arrabbiata mai barkono, spaghetti aglio e olio na tafarnuwa da man zaitun, sai gasasshen kifi. Taliyarsu da ɗan ƙarfi take, haka suke son ta, kada ku mayar ku ce ba ta nuna ba. Yajinsu kuwa bai kai ya kawo ba ga ɗan Gombe. Ku nemi olio piccante, wato man zaitun mai yaji, ko ku taho da ɗan ƙullin yaji daga gida, ku barbaɗa ba tare da talla ba.

Kuɗi. In kun ga "all'etto" kusa da farashin kifi, kuɗin giram 100 ne, ba na kifin duka ba. Kifi mai giram 800 a yuro 8 ya zama yuro 64, ku lissafa da naira ku ji. Ku ce a faɗi nauyinsa kafin a gasa. Akwai kuma coperto, kuɗin zama da burodi, yuro 2 ko 3 a kan kowane mutum a wurare da yawa. Ruwa ma na kwalba ne, saye ake yi, ku ce naturale in ba ku son mai gas.

Tiramisu, ɗaya daga cikin kayan zaƙinsu, a tambaya, wasu suna sa masa giya. Ɗan abin sha mai ruwan ɗorawa da ake kawowa kyauta a ƙarshe limoncello ne, giya ce, a yi godiya a bar shi. Ba sa kawo takardar kuɗi sai kun ce "il conto". Mutum ɗaya ya biya da kati, ku raba a otal. Tukuici ba dole ba ne, yuro biyu ko uku a kan tebur ya wadatar.