Darasi na Tara: Katin Inshora da Gidan Kula da Tsofaffi a Amurka

A wurinmu, tsoho a gaban 'ya'yansa da jikokinsa yake ƙarasa kwanakinsa. A Amurka kuwa, idan ƙarfi ya ƙare ko ɓarin jiki ya shanye, sau da yawa gidan kula da tsofaffi ake kai mutum. 'Yan'uwanmu mazauna can, irin na unguwar Bronx a birnin Niyok, sukan ci karo da wannan.

A 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, gwamnati ta kafa tsarin inshora biyu: Medicare da Medicaid. Sunayen sun yi kama, aikinsu kuwa ya sha bamban.

Medicare galibi na masu shekara 65 ne zuwa sama. Idan an kwantar da tsoho a asibiti kwana uku, aka sallame shi yana bukatar jinya, Medicare zai biya masa kuɗin kwana 20 cif a gidan kula da tsofaffi. Daga kwana na 21 zuwa na 100 sai tsohon ya sa nasa kason. Bayan nan, shi ke nan. Iyalai da yawa ba sa sanin haka sai takardar biya ta iso.

Medicaid na talakawa ne, shi ke ɗaukar nauyin dogon zama. Kusan mutum shida cikin goma a gidajen nan da shi ake biya musu. Sai dai a jihohi da yawa, ba a karɓar tsoho sai ajiyarsa ta ragu zuwa kamar dala 2,000. Kuma abin da Medicaid ke biya bai kai na mai biya daga aljihunsa ba. Gidan da ya dogara da shi yakan rage ma'aikata, kuma nan abin ke ci mini rai. Tsohuwa ta danna ƙararrawa tana son a kai ta banɗaki, ta yi ta jira. Dattijon da ba ya iya juyawa a bar shi a gefe ɗaya har gyambo ya fito masa a baya.

Akwai kuma Medicare Advantage, wani nau'in Medicare wanda kamfanonin inshora ke gudanarwa. Mai wannan kati yawanci sai gidajen da kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da su.

Aiki: Gwamnati na ba kowane gida tauraro gwargwadon ingancinsa, daga 1 zuwa 5. A ce mahaifiyarka za ka kai. Duba taurarin, sannan ka taka da ƙafarka ranar Lahadi da yamma, ka shaƙi iskar ɗakunan. Rubuta wannan tambaya a littafinka, ka karanta ta da ƙarfi: "Ma'aikatan jinya nawa ke kwana a nan da dare?"