Yadda ake shirin tafiya Indiya in za ka raka mara lafiya

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Indiya ba yawon buɗe ido ke kai su ba. Wani jinya ce, wani karatu, wani kuma sarin kaya. Mai rakiyar mara lafiya shi ya fi kowa buƙatar shiri, domin hankalinsa a rabe yake, kuma ƙaramin kuskure a takarda na iya tsayar da shi a filin jirgi da majiyyaci a kan keken guragu.

Ka fara da asibitin. Aika musu da sakamakon gwaje-gwaje da rahoton likitanku na gida, su kuma su turo takardar gayyata mai ɗauke da sunan majiyyaci, da sunan mai rakiya, da ƙiyasin kuɗin aiki. Da ita za ku nemi biza a ofishin jakadancin Indiya da ke Abuja ko na Legas. Majiyyaci bizar jinya yake nema, kai kuma ta mai rakiya, kuma masu rakiya biyu kawai ake bai wa wannan dama. Ka tabbata fasfo yana da sauran aƙalla wata shida, sunan da ke cikinsa kuma ya yi daidai da na takardar asibiti harafi da harafi. Ka yi magana da asibitin kai tsaye ko da akwai dillali a tsakani, ka ji farashi daga bakinsu.

Sai katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Indiya ba ta wasa da shi ga wanda ya fito daga ƙasashenmu. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, don haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya kamar bai yi ba ne, ana iya killace shi har kwana shida. Ka yi ta tun ranar da kuka fara maganar tafiya. In majiyyacin na da larurar da ta hana a yi masa, ka tambayi ofishin jakadanci abin yi tun kana gida.

Wajen haɗa kaya ina roƙonka abu guda: kada ka karɓi saƙon kowa a ƙulle, zuwa ko dawowa. Dokar miyagun ƙwayoyi a can tana da tsauri, tiramadol ma yana cikinta tun 2018. Magungunan majiyyaci su zauna a kwalayensu tare da takardar likita. Kilishi da dambun nama a bar su gida. Ka sayi adafta, domin soket ɗinsu mai zagayayyen baki ne. In tafiyar ta faɗo Disamba ko Janairu, ka ɗauki rigar sanyi mai kauri, sanyin Delhi da hazonta sun fi hunturunmu cizo. Mayu da Yuni kuwa zafi kan kai digiri 45.

Sunan kuɗinsu rupee. Ka tafi da dala, ka canza kaɗan a filin jirgi, sauran a cikin gari wurin masu lasisi, ka riƙa karɓar rasit. In tsabar da ke hannunka ta wuce dala 5,000, dole ka bayyana wa kwastan. Kada wani ya sayar maka da tsofaffin takardun 500 da 1,000 na kafin Nuwamba 2016, an soke su.

Da ka sauka filin jirgin Indira Gandhi da ke Delhi, gyara agogonka: suna gabanmu da awa huɗu da rabi. Manyan asibitoci kan turo mota in ka nema. In ba haka ba, akwai tagar tasi da ake biya tun kafin a shiga, ko ka kira Uber ko Ola. A cikin gari za ka ga keke napep ko'ina, can ne ma asalin irin wanda muke hawa, sai dai a yi ciniki kafin a hau. Tuƙinsu ta hagu ne, don haka in za ka tsallaka titi ka fara duban dama. Jirgin ƙasa na cikin Delhi yana da tsabta da araha, akwai kuma tarago na mata zalla. Layin waya na Airtel ko Jio sai da fasfo da biza da hoto. Lambar gaggawa 112 ce.

Ka karanta abin da aka rubuta a jikin bizarka da kyau. In an ce ka yi rajista da ofishin kula da baƙi, FRRO, cikin kwana 14, ka yi, ta intanet ake yi, sashen baƙi na asibiti kan taimaka. In jinya ta ja, ta nan ake neman ƙarin wa'adi kafin bizar ta ƙare. Wanda ya bari ta mutu a hannunsa ba zai fita ƙasar ba sai da tara da takardar izini.

Ruwan roba kawai za ku sha, ka duba murfin bai taɓa buɗuwa ba. Abincin kwali mai koren ɗigo babu nama a ciki. Nama na halal yana unguwannin Musulmi, irin su Nizamuddin da kewayen masallacin Jama da sarki Shah Jahan ya kammala a 1656. Jihohi da yawa sun hana yanka saniya, jan naman da za ka samu galibi na ɓauna ne ko akuya. Yajinsu ya yi wa mai jinya yawa, shi ya sa gara ka kama ɗaki mai kicin kusa da asibiti, ka taho da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa, a tuƙa tuwo da garin shinkafa ko semo.

In ka shimfiɗa darduma a daren farko, ka tuna cewa Makka tana yamma da Indiya. Mu da muka saba cewa "fuskanci gabas", a can wajen faɗuwar rana za ka juya.