Yadda ake jefa wa masu yunwa abinci daga jirgin sama: tsarin da aka bi a Holand a 1945

Kafin a ɗaure buhu ko ɗaya, sai an samu amincewar mai bindiga a ƙasa. A watan Afrilun 1945, gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, yammacin Holand na hannun sojan Jamus, yunwar hunturu ta riga ta kashe mutum wajen 20,000, mutane na cin tushen furen tulip mai kama da albasa. A garin Achterveld wakilan Birtaniya da Amurka da ƙawayensu suka zauna da Jamusawa, har da gwamnan mamaya Seyss-Inquart, aka tsayar da hanyoyin da jirage za su bi da wuraren da za su saki kaya, aka yi alkawarin ba za a harbe su ba. Matuƙin da ya kauce wa hanyar ya fita daga alkawarin.

A nemi fili shimfiɗaɗɗe, kusa da gari amma ba cikin gidaje ba, domin buhun da ya faɗo daga sama yana iya kashe mutum. Shi ya sa aka zaɓi filayen jirgin sama na Valkenburg, Ypenburg da Waalhaven, da filin sukuwa na Duindigt. Jiragen Mosquito ne ke shiga gaba su yi wa filin alama, manyan jirage su biyo.

Sakin kayan shi ne wurin gwaninta. Ba a sa laima, don iska za ta ja kaya nesa. A jera buhuna a ɗakin bama-bamai na jirgin yaƙi, a sauko ƙasa-ƙasa, mita 120 zuwa 150, a rage gudu iya yadda jirgi zai jure. In aka yi sama da yawa buhun fulawa ya tarwatse, gwangwani ya lotse. In aka makara da daƙiƙa kaɗan kaya su faɗa ruwa, ƙasar kuwa cike take da magudanai. Busasshen abinci ya fi jure faɗuwa: fulawa, garin madara, garin ƙwai, yis, sukari.

Da wannan tsari jiragen Lancaster na Birtaniya suka fara aikin Manna ran 29 ga Afrilu, jiragen B-17 na Amurka suka bi da nasu aikin mai suna Chowhound ran 1 ga Mayu. Zuwa 8 ga Mayu an jefa tan wajen 11,000.

Inda aka fi samun cikas shi ne bayan kaya sun taɓa ƙasa. Sai an tsince, an ware, an auna, an kai rumbu, ga mutanen da za su yi ɗaukar su ma yunwa ta cinye su, ga ƙarancin motoci da mai. Kwanaki suka shuɗe kafin rabon ya isa gidaje da yawa. Don haka a tanadi masu tsinta da abin dako tun kafin jirgin farko ya tashi, a kuma buɗe hanyar mota da zarar an samu dama, kamar yadda aka fara kai kaya garin Rhenen ran 2 ga Mayu.

Wanda ya daɗe cikin yunwa kada a cika masa ciki da abinci mai maiƙo, gudawa za ta kama shi, wani ma ya rasa ransa. A fara masa da abu mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, ma'aikacin lafiya na lura.