Yadda Ake Haɗa Tururi, Gawa da Soyayya a Labari Ɗaya

Labarin zamanin tururi, wanda Turawa ke kira steampunk, tambaya ɗaya ce tushensa: da a ce duniya ba ta karkata ga fetur da lantarki ba, ta riƙe injin tururi har ya kai maƙura, da yaya rayuwa za ta kasance? In ka ƙara masa mai baiwar ganin ɓoye, da gawar da ba a san makashinta ba, da masoya biyu, to ka jido kaya mai nauyi. Masu koyo da na karanta rubutunsu kusan wuri ɗaya suke tuntuɓe: baiwar takan fi ƙarfin labarin. Muddin jarumarka za ta iya tambayar mamaci wa ya kashe shi, bincike ya ƙare tun a shafi na biyu.

Saboda haka, kafin ka sa alƙalami, ka yanke wa baiwar iyaka da farashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka rubuta a gefe abin da take iyawa, abin da ba ta iyawa, da abin da take ci a jikin mai ita. Ga misalin da nake so: jaruma ce wadda in ta dafa ƙarfe da tafin hannu, sai ta ji sautin ƙarshe da ya ratsa shi. Ji kawai, ba gani. Kuma duk lokacin da ta yi, kunnenta kan toshe har gari ya waye. Ka ga yanzu tana samun alama, amma ba ta samun amsa, kuma a daren da ta fi buƙatar jin takun wanda ke bin ta a baya, a daren ne take kurma.

Sai inji. A nan nake roƙonka ka daɗe, domin nan ne ake gane wanda ya yi nazari da wanda ya liƙa wa jaruminsa tabarau na tagulla ya ce ya gama. Injin tururi yana cin kwal, yana shan ruwa, kuma dole a sami mai zuba masa wuta da shebur. Babbar tukunyar tururi da ta huce takan ɗauki sa'o'i kafin ta tara ƙarfi, don haka babu wanda zai tashe ta cikin ƙiftawar ido ya tsere. A samanta akwai bawul na kariya, sau da yawa sanda ce mai nauyi a rataye, wadda ke ɗagawa ta saki tururi in matsi ya yi yawa. In wani ya ɗaure sandar, ko ya bar ruwa ya yi ƙasa har ƙarfe ya yi ja, tukunya na iya tarwatsewa. To ga makamin kisa, ga kuma abin da kowa zai kira haɗari. An tsinci gawar mai masana'anta a ɗakin tukunya, ƙofa a kulle, allurar ma'aunin matsi ta maƙale a inda bai kamata ba, littafin lissafin kwal kuma ya nuna an ƙona fiye da na kullum. Injin ya zama shaida ke nan, ba ado ba.

Ka zaɓi shekara, ko da za ka karkatar da tarihi daga baya. Yawancin irin waɗannan labarai suna zama a Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, kuma zamanin ya tanadar maka kaya kyauta. Charles Babbage ya zana injin lissafi mai haƙoran ƙarfe amma bai kammala shi ba har ya mutu. Kai kana iya kammala masa. A 1852 Henri Giffard ya tashi daga Paris a jirgin balan-balan mai injin tururi, ya yi tafiyar kusan kilomita 27, amma iska ta hana shi juyowa. A 1863 aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, da tururi yake tafiya, hayaƙi cike da rami. Abin da ya fi maka amfani shi ne sanin abin da 'yan sanda ba su da shi. Gwajin gano gubar asinik ya samu tun 1836, amma sai 1901 'yan sandan Landan suka buɗe sashen zanen yatsa. Kafin nan mai bincike da ido yake aiki, da agogo, da bakin shaidu. Kuma mutanen lokacin sun ɗauki zancen ruhohi da gaske, har aka kafa ƙungiyar binciken irin waɗannan al'amura a Landan a 1882. Duk da haka, ba alƙalin da zai rataye mutum don wata ta ce ƙarfe ya raɗa mata. Dole jarumarka ta nemo hujjar da za a iya ajiyewa a kan tebur.

Soyayya kuwa, kada ka bar ta a gefe tana jiran a gama bincike. Ka cusa ta cikin zargin. Jaruma ta dafa sandar bawul, sai ta ji fito, kuma ta san waƙar: ita ce wadda injiniyan da take so yake yi in yana aiki. Yanzu za ta faɗa, ko za ta yi shiru? Duk hirar da za su yi bayan nan tana da fuska biyu. In kana neman abin da zai raba su ban da zargi, doka ta ba ka: kafin gyare-gyaren 1870 da 1882, dukiyar matar aure a Ingila kusan duk hannun miji take komawa. In jarumarka ita ce 'yar mamacin da za ta gaji masana'anta, tana da dalilin tsoron duk mai cewa yana son ta.

Ka rubuta daren kisan tukuna, minti bayan minti, don kanka kaɗai: wa ke ina, yaushe aka zuba kwal, yaushe aka ɗaure sanda. Daga nan ka warwatsa alamu. Babbar alamar ka nuna ta tun da wuri a inda mai karatu zai gan ta ya wuce, misali ɗan tsuntsun ƙarfe da ke kan teburin akawu, wanda in an murɗa shi yake rera waƙar nan tak. Mai karatu ya ji shi a babi na uku yana dariya. Sai a babi na ashirin jaruma ta lura cewa fiton da ta ji bai tsaya jan numfashi ba ko sau ɗaya.