Wace ƙungiya za ka shiga a sakandare in kana hangen jami'a?

Duk farkon shekarar karatu haka ake yi. Takardar rajistar ƙungiyoyi za ta zagaya ajujuwa, yaro ɗaya ɗan aji huɗu ya sa sunansa a ta muhawara, da ta 'yan jarida, da JETS ta masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere, da Red Cross, har da ta wasan kwaikwayo, kafin hutun tsakiyar zango ya daina leƙa ko ɗaya. Ni malamar lissafi ce a nan Jos, kuma ni ake kawo wa takardun shaida in rubuta wa ɗalibanmu masu neman gurbin karatu ko tallafi. Abin da nake faɗa musu a ofis shi zan faɗa maka, ɗana, ke ma 'yata har da ke.

Kafin ka zaɓi ƙungiya, san ƙofar da kake son shiga. In Jami'ar Jos ce, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, to abin da za a duba makinka ne na JAMB cikin 400, da kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci, da lissafi a yawancin fannoni, sai tantancewar da jami'ar kanta ke yi. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 ga cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Babu wani gurbi a fom ɗin JAMB da za ka rubuta cewa kai ne shugaban 'yan muhawara. Saboda haka mai neman aikin likita ko lauya a gida, ƙungiyar da za ta cinye masa lokacin bita cutarsa take yi. Ya shiga wadda ke ƙara wa karatun ƙarfi: muhawara tana gyara Turanci, ga shi tambayoyi 60 cikin 180 na JAMB na Turanci ne.

Labari yana sauyawa ne idan ana maganar ƙetare ko tallafin karatu. Jami'o'in Amurka da yawa suna karɓar fom ɗaya ta intanet mai suna Common App. A ciki akwai gurabe goma na ayyukan da ka yi a wajen aji, kowanne a bayyana shi da haruffa 150 kacal, a faɗi awa nawa a mako, mako nawa a shekara, kuma a waɗanne ajujuwa. Suna ƙirgawa daga abin da ya yi daidai da aji uku namu zuwa aji shida. Ingila tata hanyar daban ce. Fom ɗin UCAS yana da wurin bayanin kai mai haruffa 4,000, kuma abin da ya fi damunsu shi ne alaƙar aikinka da fannin da kake nema. Mai son injiniya ya nuna abin da ya haɗa da hannunsa. Ƙwallon da ya buga ba ta cika ɗaga musu hankali ba. Masu ba da tallafi irin Gidauniyar Mastercard kuwa, bayan ƙoƙari a aji, suna tambayar me ka taɓa yi wa jama'arka. Sai dai ka sani, bizar Amurka ta yi wa 'yan Najeriya tsauri tun 2025, don haka ko kana hangen can, ka yanki JAMB ɗinka.

Gurabe goman nan su ne ke ruɗar yara, suna ganin dole a cike su. Ba dole ba ne. Biyu nake ba da shawara, uku in ka ga za ka iya, amma ka riƙe su shekara uku cur. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle goma.

Na farko ya kasance mai jingina da abin da kake son karantawa. Mai son lissafi ko kimiyya ga JETS, ga gasar Cowbellpedia, ga gasannin da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a yankin Kwali na Abuja take shiryawa, inda ake zaƙulo masu wakiltar Najeriya a waje. Ko ba ka kai zagayen ƙarshe ba, tambayoyin da ka sha fama da su za su sa na WAEC su zo maka da sauƙi. Mai son aikin jarida ya rubuta labaran da ake karantawa a taron safe, ya adana su. Na biyu ya zama na hidimar mutane: Red Cross, 'yan agaji, MSSN ta ɗalibai Musulmi, ko FCS ta ɗalibai Kirista wadda hedikwatarta ke nan Jos. Mu nan har da gatan da wasu garuruwa ba su da shi, cibiyar horar da shugabanci da ke Tsaunukan Shere, inda 'yan Man O' War, ƙungiyar horar da matasa ta sa-kai, ke zuwa. In makarantarku tana gudanar da lambar yabon Duke of Edinburgh, wadda ake iya farawa daga shekara 14, shiga. Matakinta na farko, wato na tagulla, wata shida yake ɗauka, kuma an san ta a ƙasashe da yawa.

Yanzu bari in zo inda na fi son ka saurara. Yawancin yaran da nake koyarwa ba su da sukunin tsayawa bayan an tashi, domin aiki na jiransu a gida, kuma suna ɗauka wannan ba abin rubutawa ba ne. Abin rubutawa ne. Common App ma yana da rukuni na musamman don ɗawainiyar iyali, da wani don aikin da ake biyan mutum. Yaron da ke tsare wa mahaifinsa shago a Terminus duk Asabar, shi ke rubuta bashi da ciniki. Yarinyar da ke taimaka wa mahaifiyarta sarin tumatir da kabeji a Farin Gada. Mai koyon gyaran waya ko ɗinki. Mai koyar da ƙananan yara a Islamiyya bayan la'asar. Wanda ya haddace izu sittin ya shiga musabaƙa. Duk waɗannan sun fi mini suna a takardar ƙungiya biyar da ba a zuwa. Wata ɗalibata ta taɓa kawo mini fom, ta rubuta ƙungiyar da sau biyu ta je, ta bar ajin yara da ta shekara biyu tana koya wa karatu a zauren gidansu a Unguwar Rogo. Da na tambaye ta dalili, cewa ta yi, "Malama, ai wannan ba na makaranta ba ne." Shi muka sa a gurbin farko.

Yadda za ka rubuta shi ma yana da muhimmanci. Kada ka ce "ina taimakon al'umma", kowa haka yake cewa. Faɗi yara nawa, kwana nawa a mako, me suka iya da ba su iya ba a da. Wannan ba zai yiwu ba sai kana da littafin ajiya, don haka sayi ƙaramin littafi tun aji huɗu. Rubuta kwanan wata, abin da aka yi, awa nawa, da sunan malamin da ya gani. Takardun yabo ka ɗauki hotonsu ka tura wa kanka ta imel, damina da ɓera ba su san darajar takarda ba.

Aji huɗu na gwaji ne, leƙa wurare uku ko huɗu a zangon farko, ka tsayar da naka kafin na biyu ya ƙare. Aji biyar shi ne na aiki sosai, lokacin karɓar ɗawainiya. Ba sai an kira ka shugaba ba. Wanda ya farfaɗo da allon labarai da ya mutu, ko ya haɗa ƙannensa 'yan aji ɗaya yana yi musu bitar lissafi, ina da abin da zan rubuta a kansa fiye da mai riƙe da muƙami yana yawo da bulala. A aji shida ka miƙa wa na bayanka, domin JAMB da WAEC da NECO a jere suke zuwa, kuma masu neman Amurka da wuri yawanci 1 ga Nuwamba ake rufe musu karɓar fom, Oxford da Cambridge kuma tsakiyar Oktoba.

Abu biyu nake hana yarana. Sayen takardar shaidar taron da ba ka je ba, da zuwa gidan marayu rana ɗaya don ɗaukar hoto. Masu karanta fom sun ga dubunnan irinsu, ni kuma ba na sa hannu a kan abin da ban gani ba. Haka nan rikicin garinmu ba ado ba ne da za a yafa wa takarda don a ji tausayi. In da gaske kana cikin ƙungiyar da ke haɗa yaran Musulmi da Kirista a filin ƙwallo ko muhawara, faɗi abin da kuka yi, ya isa.

Ku kuma iyaye, musamman na 'yan mata, tambayar da ta dace ita ce wane malami ke kula da ƙungiyar, kuma ƙarfe nawa ake tashi. In ana dawowa gida kafin magariba kuma sakamakon zango bai faɗi ba, ku bar ta ta je. Wanda ke son ƙarin bayani kan Amurka, akwai ofishin EducationUSA a Abuja, kuma suna da shirin da ke biya wa haziƙan ɗalibai marasa hali kuɗin jarrabawa da na cike fom. Tun yaro yana aji biyar ya kamata a tuntuɓe su.